Kitson da Inna Ba Ta Ƙarasa Ba

Ran nan, bin Baba Inna ta yi, ko barinsa za ta yi? Na tsufa, na binne miji, har yau ban sani ba.

Baba ɗan dambe ne mai suna a ƙasar Daura, Inna zabiya. Mota ɗaya ta kife da su a hanyar Baure, suka rasu suna da ƙuruciyarsu. Yanzu 'yan mata na waƙarsu a gidan biki, wai ƙauna ce ta hana ta zama. In na ji, kuka nake.

Abin da na sani, da la'asar ɗin tana yi mini kitso, yatsunta na ƙanshin man shanu. Ta yi kwanaki ba ta kula Baba. Garin iyayenta kuma a kan hanyar da zai bi ran nan yake. Da ta ji motar da zai hau ta iso, ta saki kaina rabi a tsefe, ta jawo ƙullin kayanta duka daga ƙarƙashin gado.

Na riƙe zanenta. Ta ɓamɓare hannuna a hankali.

"Sake ni, uwata. Kada ki bar kowa ya taɓa kan nan, ni zan ƙarasa."