Harufa Biyu a Bangon Teku

A makon da majalisar jihar ta soke hukuncin rataya, Winifred Pascoe tana durƙushe a gindin bangon teku, tana share yashi daga jikin wani dutse da tsintsiyar hannu. Ƙullin furanni biyu ne a kwandonta, kamar kowace Laraba.

Duwatsun bangon daga tsohon gidan yari aka kwaso su. A da, wanda aka rataye ba a ba danginsa gawarsa. A harabar gidan ake binne shi, a sassaƙa harufan sunansa a bango, shi ke nan. Da aka rushe gidan, wani mai tsimi ya ce a kai duwatsun su tare ruwa. Wanda Winifred take sharewa R.K. ne a jikinsa, kuma ban da shi, mutumin ba shi da wata alama a duniya.

Ga shi yau leburori sun iso da siminti za su lulluɓe bangon baki ɗaya.

"Iya, matsa mana, kar mu shafe har da ke," in ji Cliff Doolan, shugabansu.

"Shafe ni ɗin. Sai ka yi wa uwarka bayani a coci."

Ya leƙa harufan, jikinsa ya yi sanyi, ya cire hula. "Allah sarki. Da yanzu ne, da ɗanki yana raye."

Safiyar ratayar ta tuno. Ƙofar gidan yari cike da jama'a, wasu na addu'a, wasu na cinikin ƙosan nama kamar ranar sukuwa. Iyaye mata biyu ne a wurin, ita da wata, ba mai kallon 'yar'uwarta. Da aka kaɗa ƙararrawar da ke nuna an rataye shi sai ɗaya ta zube, ɗayar ta tare ta ba tare da ta yi niyya ba. Daga nan suka saba, har ranar da ɗayar tana kan gadon mutuwa ta riƙe hannun ɗayar ta roƙi alfarma.

"Wannan dutsen kaɗai za ka bar min," Winifred ta ce wa Cliff. "Tsufa ya hana ni ɗaukarsa."

Cliff ya sosa ƙeya, ya dubi yaransa. Da yamma bangon ya koma sumul, sai gurbi guda da aka tsallake.

Winifred ta ajiye ƙulli ɗaya. Ba ta taɓa dutsen da hannu ba, ba ta ambaci sunan ba. Ba ta taɓa iyawa ba.

Ta hau tudu da ɗaya ƙullin, gwiwoyinta na ciwo, har makabarta. A nan kukan ya ƙwace mata.

"Kar ki ji haushina, Elsie," ta ce wa kabarin 'yarta. "Na san shi ya kashe ki. Amma na yi wa uwarsa alkawari."