Lambar Da Ta Daina Motsi

Malam Jatau, ajiye wayar nan ka ji wani misali. Ka ce kwamfutarka ta sabunta kanta, kuma lafiya lau tunda ba ta yi kuka ba. To ni da na buɗe cikin kwamfuta fiye da yadda mahauci ya buɗe cikin akuya, bari in ba ka labarin mai ƙwan zabi.

Wani mutum ne yake da injin ƙyanƙyasa, ƙato kamar rumbu. Ka san zabuwa, gwanar zuba ƙwai ce, zaman kwanci ne ba ta iya ba. Shi ya sa da damina ta kankama matan garin da na ƙauyukan kewaye kan kawo masa ƙwan zabinsu a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, bayan kwana ashirin da takwas kowace ta dawo ta kwashi 'yan tsakinta. Injin yana ƙuryar ɗaki, kwamfutar tana zaure, waya ta ratsa bango ta haɗa su. Kwamfutar ke sauraron zafin ciki, ita ke cewa ƙara wuta ko rage wuta. Sai dai ba yarensu ɗaya ba. Akwai wata 'yar manhaja a tsakaninsu, masu gyara na ce mata direba, aikinta tafinta. A da cikin faifai take zuwa tare da inji, ka saka da hannunka, ba mai taɓa ta sai kai. Sai masu babbar manhajar kwamfuta suka sauya tsari. Suka ce daga yau ba tafinta sai mai hatiminsu, kuma ba sai ka roƙa ba, su za su aiko ta intanet, a cire tsohon a dasa sabo. Kamfanin da ya ƙera injin mutumin nan kuwa ya daɗe da rufewa, babu mai kai tafintansa a buga masa hatimi.

Ranar da ƙwai dubu uku suka cika kwana goma sha tara a ciki, aka tashi da ruwa da sanyi, kwamfuta ta ce wa inji ƙara wuta. Mutumin ya jona ta da intanet ɗin wayarsa don ya tura wa ƙaninsa hoton aikin, ya bar ta ya tafi karyawa. Kafin ya wanke hannu an sallami tsohon tafinta, baƙo ya zauna a kujerarsa. Baƙon nan bai taɓa jin yaren injin ba, kuma bai ce bai ji ba. Inji ya riƙe maganar ƙarshe da aka faɗa masa, ya ci gaba da zuba wuta. Allon kwamfuta shi ma ya riƙe lambar zafi ta ƙarshe da ya ji, talatin da bakwai da rabi, ya tsaya a kanta.

Nan ne wurin da ke ba ni dariya, ko da yake ba abin dariya ba ne. A da lambar takan yi rawa, ta ɗan hau ta ɗan sauka, mutumin yana tsaki. Yanzu da ta kafe kamar turke sai murna ta kama shi. Ya riƙa kiran masu wucewa su leƙo su ga aiki. Ya sa wa ɗakin injin kwaɗo, wai kada a buɗe iska ta ɓata masa wannan daidaito. Wata tsohuwa da ta kawo ƙwai arba'in ta zo wucewa, ta dafa ƙofar ɗakin, ta janye hannu.

"Ɗan nan, buɗe mini in ɗora ƙwai ɗaya a fatar idona in ji zafinsa. Ƙofar nan ta yi ɗumi da yawa."

"Haba Iya! Idon naki da ba ya gane jikokinki sai sun yi magana? Ga lamba can, je ki karanta."

Ta ce ba ta iya karatu ba, ta ɗauki sandarta ta tafi. Bayan kwana uku wari ya fara tasowa, ya ce ɓera ne ya mutu a rufi. Ƙudaje suka yi layi a ƙasan ƙofa, ya ce damina ce.

Ranar cikar kwanaki mata suka cika ƙofar gidan da kwanduna, wasu sun yi tafiyar rabin yini. Ɗakin da ya kamata ya cika da kukan 'yan tsaki shiru kake ji, sai wani ɗan ƙara jefi-jefi, tas, tas. Ƙwai ne ke fashewa. Da ya cire kwaɗon, hucin da ya fito sai da ya mayar da na gaba baya. Ya fasa ɗaya a tafin hannunsa. Ga ɗan tsako ya gama haɗuwa, da bakinsa da 'yan faratansa, ya naɗe, ya bushe a jikin ɓawo. Ya fasa na biyu, ya fasa na goma. Babu wadda ta zage shi. Suka tsaya suna kallo yana kwasa da shebur yana zubawa a rami bayan gida, a zaure kuwa allo na nan yana nuna talatin da bakwai da rabi. A lokacin ruwa ya fara janyewa, zabi sun daina saka ƙwai, babu wanda za a sake zubawa sai baɗi.

Saboda haka, Malam Jatau, duk ranar da aka sauya maka tafinta ba da saninka ba, tashi ka je ka taɓa injin da hannunka. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.