Tabon Tattasai a Zanen Fa'iza

Mudi ya tsaya a zauren gidan su Fa'iza a Tiga, gaban wani ƙaton zane da ta yi. Babu mutum a ciki, babu bishiya, sai ja mai duhu shimfiɗe a kan launin ruwan ƙasa, irin salon masu zanen shekarun 1950. A da ya rabu da ita, amma jin ana zuwa daga Kano kallon aikinta ya dawo da shi neman aurenta.

"Matso kusa, launin ya cika maka ido," in ji ta. "Me ka gani?"

Ya gyara hula, ya saci kallonta. "Faɗuwar rana a kan dam ɗin Tiga. Wallahi ya taɓa min zuciya."

Ta yi murmushin mugunta. "Shi ne wanda ka shanya tattasai a kai bara, ka ce buhu ya fi shi amfani, abokanka suna ta dariya. Jan da ya taɓa maka zuciya tabon tattasanka ne. Da gangan na bar shi."

Ya juyo gare ta. "To, maganarmu fa?"

"Ci gaba da kallo, Mudi. Shi kaɗai ne rabonka a gidan nan."

Ta saki labule ta shige.