Ɗan Majalisar da Ba Ya Cire Takalmi

Tunda ka ce takara za ka tsaya, gyara zama in ba ka labarin wani mutum. Ni kaina in na tuna shi sai in rasa wa zan ba laifi.

Yana ɗan shekara sha bakwai ya shiga soja, ko gemu bai tsiro masa ba. Nakiya ta tashi da shi a bakin wani rafi, aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Shekara biyu ya yi a asibitin sojoji. A can ya zama mutum, a can ya koyi tafiya da ƙafar roba wadda takalminta ke manne da ita. Da ya dawo gida babu wanda ya sani sai mahaifiyarsa, daga baya matarsa, su ma sai da ya sa suka yi masa alkawari. Kunya yake ji, wai kada a kira shi gurgu. Mutane sun ga yana ɗan ɗingishi, suka ce ai tabon yaƙi ne, suka ƙara ganin girmansa. Da siyasa ta zo suka tsayar da shi ɗan majalisa, ya ci ba wahala.

Kuma ya yi aiki, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Ya haƙa rijiyoyin burtsatse, ya yi gadar da ta haɗa ƙauyuka da kasuwa. Amma sai ya ga fuskoki suna sauyawa, in ya yi sallama a amsa masa ciki-ciki. Ya tambayi na kusa da shi, suka ce ba komai, ranka ya daɗe. Ya ce ko taki ne bai isa ba, ya ƙaro taki. Ya ce ko sammu aka yi masa, ya sa aka yi ta sauke Alƙur'ani. Abin ya ɗaure masa kai, har ya rame. Zaɓe ya zagayo, ya faɗi, har a akwatin ƙofar gidansu.

Bayan kwana uku ya je wurin wani dattijo da ya koyar da shi a firamare, ya ce, "Malam, don Allah me na yi wa mutanen nan?"

Dattijon ya ce, "Ranar da ɗana ya rasu ka zo gaisuwa. Kowa ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma, kai ka tsaya a kanmu da takalminka, ka yi addu'a a tsaye ka tafi. Haka kake yi a kowane zaman makoki. Shekara huɗu ba ka taɓa durƙusa wa babba ba."

Sai mutumin ya dafa bango, ya zauna a ƙasa da ƙyar, ya naɗe wandonsa, ya kwance ƙafar da takalminta ya ajiye a gefen tabarma.

Dattijon ya dube ta, hawaye ya zubo masa. Ya ce, "Haba ɗana. Da ka faɗa, ai ni da kaina zan riƙa ɗauko maka kujera."

To, amma an riga an ƙirga ƙuri'a. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.