Ba A Barin Layi

"Malama, ba a barin layi," in ji akawun ofishin tsaro na jami'a, ya mayar mata da takardar ƙorafinta. "Rubuta inda kike zaune."

Ɗalibin da ta kayar a jarrabawa ya rantse sai ya ga bayanta. Saboda shi ta tashi daga gidanta makon jiya, ko abokan aikinta ba su san inda ta koma ba.

"Dole ne, Baba?"

"Shekara ashirin ina kan teburin nan, 'yata. Takarda mai giɓi ba ta taɓa wuce hannuna ba."

Ta rubuta. Ya buga hatimi, ransa fes, ya taimaki baiwar Allah.

Washegari da hantsi ɗalibin ya zo, har da rusunawa. Ƙa'ida ta ce duk wanda aka kai ƙararsa a ba shi kwafi, don ya kare kansa. Akawu ya miƙa masa.

Saurayin ko kallon zargin bai yi ba. Layin adireshi kawai ya duba, ya yi murmushi.

"Ashe can ta koma. Allah ya saka da alheri, Baba."