Babban Yatsan Wakili

Wani maɗinki, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya je zauren Malam Ishaƙa bayan La'asar, ya kasa zama wuri ɗaya a kan tabarma. Ya ce jagoran majalisarsu ya karanta musu wata ayar yaƙi, ya ce ta hau kan mutanen tsallaken titi, kuma duk wanda ya tsaya tambaya ya saɓa wa Allah. Malam bai ko jawo littafi ba, sai ya ba shi misali.

Ya ce an yi wani makiyayi da ya shekara goma sha biyu yana kiwon shanun wani attajiri. Mutum ne mai amana, irin wanda in maigida ya ce masa tsaya nan, ko ruwa ake da ƙanƙara nan za ka tarar da shi. Karatu kuwa yana da ɗan abin da ba a rasa ba, yakan haɗa baƙi da baƙi ya fitar da kalma, amma sai ya yi gumi. Da attajirin zai yi doguwar tafiya, sai ya rubuta dokokin garke da ajami, ya bar takardar a hannun wakilinsa.

A bayan shingen garken akwai wata tsohuwa mai saniya ɗaya tak, ja, mai karyayyen ƙaho. Da nononta take ciyar da jikokinta marayu, da shi kuma ta yi jinyar makiyayin shekarar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Wakili ya daɗe da sa ido a kan filin tsohuwar, ya kuma san saniyar ce ta riƙe ta a wurin. Ran nan saniya ta sami ɓaraka a shinge, ta shiga garke tana kiwo abinta. Wakili ya kira makiyayi, ya warware takarda, ya ɗora babban yatsansa a kan layin sama, ya ninke ƙasanta, ya ce ya karanta da kansa don kada ya ce an yi masa ƙarya. Makiyayi ya haɗa baƙaƙe: saniyar da ta shigo garke a yanka ta, kada a ji tausayi. Rubutun maigida ne, wannan babu tantama.

Kwana biyu ya yi yana kai-kawo tsakanin turke da shinge. Ya wasa wuƙa ya ajiye, ya sake ɗauka ya wasa. Zuciyarsa tana ce masa wannan ba halin maigida ba ne, mutumin da yake aika wa tsohuwar nan damin dawa kowace kaka. Sau biyu ya buɗe baki zai ce wa wakili ya ɗaga yatsan, sai tsoro ya kama shi, kada a ce yana shakkar maganar wanda ya ci da shi ya sha da shi. Shi kuwa wakili ba ya gajiya da tuna masa cewa bara na gari ba ya tambaya. Tsohuwa ta zo bakin shinge riƙe da maraƙin saniyar, ta roƙe shi, ta kira shi ɗana, bai iya ɗaga ido ya dube ta ba. A rana ta uku da hantsi ya kayar da saniyar, hawaye na zuba. Abin haushin ma, yana ganin yawan zafin da yake ji a ƙirji shi ne yawan biyayyarsa.

Kafin wata ya mutu maraƙin ya bi uwarsa, tsohuwa ta ɗaure ƙullinta ta kwashe jikoki, ba wanda ya san inda ta nufa. Da attajiri ya dawo ya ji labari, sai ya karɓi takardar ya shimfiɗa ta gaba ɗaya a gaban makiyayi. Layin da yatsa ya rufe cewa ya yi: in annoba ta sauka a ƙasa, aka kuma ga alamar cuta a jikin dabbar. Wanda aka ninke kuma ya ce: in lafiyarta lau, a kora ta gida a gyara shinge, maƙwabci amana ne.

Makiyayi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wakili ne ya sa ni."

Attajiri ya ce, "Wakili zan ji da shi. Amma wuƙar a hannun wa take? Shekara goma sha biyu kana gidana, ba ka san ni ba, har ka yarda zan ce a yanka abincin marayu?"

Ya zaɓi saniya mai maraƙi ya ba shi, ya ce ya nemo tsohuwar ya kai mata. Makiyayi ya kama igiya ya fita, daga wannan kasuwa zuwa waccan, yana tambayar wata tsohuwa da yara uku. Masu ba da labarin sun ce igiyar ta ci tafin hannunsa, bai same ta ba.

Malam ya dubi maɗinkin ya ce, "Aya tana da ta gabanta da ta bayanta, tana da dalilin saukarta, kuma Mai ayar ya riga ya gaya maka ko Shi wane ne. Duk wanda ya danne rabi da yatsa ya miƙo maka wuƙa, ka ce ya ɗaga yatsan. In ya ƙi, ajiye wuƙar, don ranar tambaya hannunka za a duba. Ba banza ba Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne."