Katin Jinjiri

Allon kwamfutar ya sake yin ja, karo na tara, kuma duk a kan kati ɗaya: mai lamba 417, mai suna Jinjiri.

Injiniya Rilwanu ya gyara zaman tabarau. Shekara biyu ya yi a Abuja, cikin sanyin ofis, yana ƙera wannan manhaja da ya raɗa wa suna Garkuwa. Aikinta ta riƙe tarihin kowane majiyyaci, ta yi gargaɗi idan za a haɗa masa magungunan da ba sa shiri. Nan da wata biyu kwamiti zai zo duba gwajin. In allo ya yi fes, a raba ta ga asibitocin jiha. In ya yi ja, Injiniya ya naɗe kayansa.

Shi ya zaɓi wannan ƙaramin asibiti na ƙasar Batsari, wai nan ce mahaifarsa, ya san mutanensa ciki da bai. Ya san su ƙwarai kuwa. Rabonsa da kwana a garinsu Wagini shekara goma sha ɗaya, amma duk Juma'a yana buga waya. Mahaifiyarsa Inna Turai ba ta karɓa, tunda shi ne ɗan fari, sai ƙanwarsa Bushira ta ce, "Inna ta ce lafiya lau." Shi ke nan, an sada zumunci.

Jinjiri kam bawan Allah ne mai abin mamaki. Shekara talatin da takwas da suka wuce aka yanka masa kati saboda ƙunar ruwan zafi a hannun hagu, kuma tun ranar bai huta ba. Ya yi ƙyanda sau shida. Ya yi awon ciki sau huɗu, ya sauka lafiya. Bara jaki ya harbe shi a watan da yake shayarwa. Ga shi shekara bakwai bai taɓa fashin karɓar maganin hawan jini ba.

Malam Armaya'u mai ba da magani, wanda ba a daɗe da turo shi daga Safana ba, ya yi gyaran murya.

"Yallaɓai, katin gida ne. Haka suke yi a nan. Wanda ya fara zuwa asibiti shi ke da kati, sauran kowa ya raɓa. Mu fuska muke kallo."

"Fuska?" in ji Injiniya, yana sosa tsohon tabon da ke wuyan hannunsa, kamar kullum in ransa ya ɓaci. "Da kallon fuska ake kashe mutane!"

Gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. Ya danna maɓalli ya rufe katin. Mai son magani ya yanki nasa, da lambar ɗan ƙasa da hoton yatsa. Garkuwa na ƙirga kowace ƙwaya, ba mai fitar da ko ɗaya ta bayan fage.

"Akwai wata tsohuwa, yallaɓai, ita ce mai hawan jinin..."

"Ta bi ƙa'ida."

Ya shiga mota ya koma otal a Katsina, inda ƙa'ida ta fi sauƙin bi.

Tsohuwar ta zo ranar kasuwa a bayan babur, ta hanyar da ake bi da addu'a a baki. Armaya'u ya ɗora yatsanta a kan na'ura. Na'urar ta ce ba ta ga komai ba. Ya gwada goman duka, amma taɓarya da fartanya sun daɗe da shafe zanen. Ya yi mata bayani cikin jin nauyi cewa na'urar wani injiniya ce daga Abuja, ba yadda zai yi.

Ba ta yi musu ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa.

"To, Allah Ya sa wa aikin albarka," in ji ta.

Wata ya zagayo ta dawo, na'ura ta sake cewa babu ita a duniya. Ta sake sa albarka, ta tafi tana dafe da ƙeya. Ran Armaya'u ya sosu. Ya aika wa Injiniya saƙo, aka ba shi amsa da hoton babban yatsa a ɗage, alamar an gani.

Ranar kwamiti aka share asibiti har da yayyafa ruwa. Allo fes, ba ɗigon ja. Injiniya ya tanadi labarin Jinjiri don rufe jawabi, mutumin da ya haihu sau huɗu jaki kuma ya harbe shi. Da ya ba da shi, manyan baƙi suka yi dariya har da share hawaye, suka hau tafi.

Tafin bai ƙare ba babur ya tsaya a ƙofa. Mutum biyu suka shigo riƙe da tsohuwa, baki ya karkace, hannun dama na lilo. A bayansu Bushira ce, ba ko takalmi.

Takardun Injiniya suka zube ƙasa.

"Inna!"

Armaya'u ya dubi tsohuwar, ya dubi Injiniya, ya dafa bango.

"A gindin turmi ta faɗi," in ji Bushira cikin kuka. "Wata biyu ba ta sha magani ba. Ta hana ni gaya maka, wai kada a ɓata aiki."

Tsoro ya kama shi, irin wanda ke fita da tsawa. "Wane marar imani ne ya hana ta magani? Yau sai ya bar aikin nan! Ku ba ni katinta!"

Bushira ta kwance bakin zanen Inna, ta zaro wani kati da ya sha duniya, naɗe cikin leda, ta miƙa masa a gaban kwamiti.

"Ai ba ta da kati, Yaya, naka muke amfani da shi. Ranar da ka ƙone, malamin asibiti ya tambaye ta sunan ɗanta na fari, kunya ta hana ta faɗa, shi ne ya rubuta Jinjiri."